Kurege, gafiya da 'ya'yan namun daji a gona: abin da aka tattauna

Ga abin da na tattaro daga bakin jama'a:

1. 'Ya'yan zomon daji da aka tsinta cikin ciyawa, baki ya zo ɗaya a bar su. Uwar tana dawowa ta shayar da su.
2. Bushiya ma a ƙyale ta, ƙwari take ci.
3. Kurege da rana yake tonon gyaɗa, gafiya kuwa da dare take wa rogo da dankali ɓarna. Mafi yawa sun ce a kewaye lambu da ragar waya, a binne gindinta sosai, tunda ta ƙasa suke shiga.
4. Kan guba aka rabu. Wasu sun ce ta fi sauri, wasu suka ce kaji da kyanwa take kashewa. Ni dai ina bayan masu ɗana tarko.
5. Tura hayaƙi a rami da rani, an ce a guje shi saboda gobara.