Cajin DNP awa guda, aunawa minti biyu: yaya za a gaggauta aikin?

Zulai_NMR:
Assalamu alaikum. Muna bin yadda ƙwayoyin cutar kansa ke juya sinadarin fairubet mai kabon-13 (nau'in kabon da ke zama lakabin da muke bi) zuwa sinadarin laktet, ta hanyar NMR, wato auna sinadarai da maganaɗisu. Kafin aunawa sai an yi wa fairubet ɗin caji a daskare da DNP, dabarar da ke ƙara ƙarfin siginal ɗinsa, sannan a narkar da shi. Injin cajin HyperSense ne, ƙarfin maganaɗisunsa tesla 3.35, sanyin kelbin 1.4, kuma kowane caji yana cin kusan awa guda, sannan samfur ɗaya kacal ake aunawa da shi. Gwajin magunguna da yawa ba zai yiwu a haka ba. Ina mafita?

Dakta Sambo:
Wa alaikumus salam, Malama Zulai. Kafin ki taɓa injin, duba asarar da ake yi bayan narkarwa. Narkarwa ɗaya tana ba da kimanin mililita 4 na fairubet mai ƙarfin milimola 80, alhali ƙwayoyin ba su buƙatar fiye da 5 zuwa 10. Ragowar duk zubarwa ake yi. Ki raba ruwan zuwa ƙananan ramuka masu yawa a faranti ɗaya, kowane da ƙwayoyinsa da maganinsa, ki auna su gaba ɗaya da dabarar ɗaukar hoto ta CSI, wadda ke ba kowane rami nasa sakamakon. Caji ɗaya, samfura da yawa, kuma duk ƙarfin cajinsu ɗaya ne, don haka kwatantawa ta fi inganci.

Wahalar tana wurin zubawa. T1 na fairubet, wato ma'aunin lokacin da cajinsa ke ɗauka yana zubewa, bai wuce daƙiƙa 40 zuwa 60 ba. Idan ramin ƙarshe ya samu nasa bayan daƙiƙa 10, lissafin ya karkace. Ki daidaita tsawon bututun kowane rami. Kumfar iska ɗaya kuma ta isa ta ɓata shim, wato daidaiton maganaɗisun, layin laktet na 183 ppm (matsayinsa a jikin sakamakon) ya baje ya shige cikin na haidiret, wato fairubet da ya haɗu da ruwa, a 179.

Injiniya Bala:
Gaskiyar Dakta ce, amma cajin ma ana rage shi. Da TEMPO a madadin tiraitil OX063 (sinadaran da ake gauraya wa samfur don ya ɗauki caji), haidirojin ne ke fara caji cikin 'yan mintuna, sai a tura wa kabon. Sai dai yana buƙatar naɗin waya na musamman a cikin sashen sanyi na injin, kuma TEMPO na cin siginal bayan narkarwa in ba a kashe shi da askobet (bitamin C) ba. Akwai kuma hanyar caji da farahaidirojin, wani nau'in iskar haidirojin, da masu bincike su Reineri suka fitar a birnin Turin na Italiya a 2015: minti ɗaya zuwa biyu, ba buƙatar hiliyam ɗin sanyayawa. Matsalarta tsarkakewa, ragowar ƙarfen rodiyam da ake amfani da shi a hanyar da kuma sinadarin narkarwa guba ne ga ƙwayoyi.

Hajiya Rabi:
Ƙanwata Zulai, kula da bugun rediyon da ake aunawa da shi ma, domin kowane bugu yana cin caji. Bugu 60 a kusurwar digiri 10 yana barin kashi 40 cikin ɗari na cajin. A digiri 5, kusan kashi 80. Gara bugu mai zaɓe: ƙarami a kan fairubet, babba a kan laktet.

Kuma kada a wanke ƙwayoyi a ajiye su suna jiran layi. LDH, enzayim ɗin da ke wannan juyawar, musayar lakabin kabon-13 yake yi da laktet ɗin da ke cikinsu, saboda haka yawan laktet ɗin kansa yana canja siginal. In sun daɗe a cunkushe ba iskar oksijin, sai ki ga bambanci ki ɗora wa magani. Ki riƙe su a zafin digiri 37 na Salshiyos, pH (ma'aunin tsami) 7.4, ki sa EDTA, sinadarin da ke kama ɓurɓushin ƙarfe, a ruwan narkarwa, kuma kowane rami ya jira lokaci ɗaya.