Injin ɗaga kayanmu yana zamewa, yaya za mu gwada shi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni makaniki ne a Suame Magazine, unguwar makanikai, nan Kumasi. Muna da injin ɗaga kaya mai gudu a kan dogo a saman gareji, an rubuta tan 5 a jikinsa. Watan jiya muka canza masa wayar ɗaga kaya da birki. Tun daga nan, in an rataya injin tirela aka saki maɓalli, sai ya zame ƙasa kamar faɗin yatsa biyu kafin ya tsaya. Yaran nan kuwa ƙarƙashinsa suke wucewa, don haka na hana taɓa shi.

Na san bayan irin wannan gyara ana gwaji da nauyin da bai wuce kashi 125 cikin ɗari na abin da aka rubuta a jikin injin ba, wato tan 6.25 ke nan. Maigida ya ce mu ɗaure buhun siminti 125 mai kilo 50, mu ɗaga kawai. Lissafin ya fita, amma hankalina bai kwanta ba. Birkin da ke zamewa za a ɗora wa wannan?

Shin birkin za a fara saitawa, ko wayar ce ba ta zauna ba? Kuma wa ke zuwa da ma'aunin nauyi ya ba da takardar da sufetocin masana'antu za su karɓa? Don Allah a taimaka, aiki ya tsaya mana kwana tara.