Don Allah a ba ni shawara: in rubuta kod da hannuna ko in kama WordPress?

Sadiq T/Wada: Salam 'yan uwa. Wata uku kenan ina koyon HTML da CSS (kod ɗin da ake gina shafin intanet da shi) a shafin koyarwa na freeCodeCamp, da daddare nake zama in na dawo daga shago, yanzu na ɗan fara taɓa JavaScript. To sai ga yayata da take sayar da atamfa da leshi a Kasuwar Barci ta ce in yi mata shafin intanet kafin azumi, mutane su ga kaya su zaɓa su biya, don hotunan da take sawa a status ɗin WhatsApp bayan awa 24 sun ɓace kullum sai ta sake ɗorawa. Wani abokina ya ce in daina wahalar da kaina in ɗauko WordPress (manhajar gina shafi ba sai an rubuta kod ba) da Elementor da ake ƙara masa don tsara shafi, in ja in ajiye kawai, ni kuma raina yana ce min in na bi nan zan watsar da karatun da na faro. Laftof ɗina ram ɗinsa 4GB ne kacal, wuta kuma sai a hankali. Wanne zan kama?

Baban Ilham: Ƙanina, kasuwar yayarka ba wurin gwaji ba ce. Tambaya ɗaya zan maka, ranar da sabon leshi ya iso wa zai ɗora shi? In da hannu ka rubuta to duk sanda farashi ya canza sai ta kira ka ka buɗe fayil ka gyara, ko kana wurin ɗaurin aure. Ga maganar biyan kuɗi, wata uku bai isa ka haɗa wannan da kanka ba tsakani da Allah, kuskure ɗaya kuɗin mutane ne. Ka sa WordPress da WooCommerce (shi ke mayar da shafin kanti) kyauta ne, ka jona Paystack mai karɓar kuɗi ta intanet a riƙa biya da naira, ita da kanta za ta ɗora kaya daga wayarta. Tun 2003 ake amfani da WordPress kuma sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kansa suke, ba abin kunya ba ne.

Maman Sultan: Ni dai ka kiyayi Wix (wani dandalin gina shafi) a irin wannan aikin, yana da sauƙi kam amma in wata rana kuka so sauya masauki ba za ka iya kwashe shafin ka tafi da shi ba, sai dai a sake gini daga tushe. Ka sayi sunan shafi (domain) mai .com.ng da naira, kuma da sunan yayarka za a yi rajista ba naka ba.

Injiniya Malali: Na yarda da Baban Ilham amma rabi. Sadiq kar ka kuskura ka ajiye kod ɗin nan. Kwanaki aka kawo min shafin wata makaranta, wanda ya yi musu ya loda fulogin (ƙananan manhajojin da ake ƙara wa WordPress) kusan talatin da tim (theme, wato fasalin shafi) ɗin sata da ya sauke kyauta, a kwamfutarsa komai tsaf amma da na buɗe a ƙaramar Tecno madannin biyan kuɗi ya hau kan rubutu ya rufe shi ruf, yaron ya kwana biyu yana ja yana ajiyewa abu ya ƙi, wallahi layi huɗu na CSS na rubuta ya zauna daram. Shi bai taɓa danna Inspect a birauza ya ga kod ɗin shafi ba a rayuwarsa. Kai da ka san HTML ka riga ka fi shi. Sannan Elementor yana da nauyi, da ram 4 zai riƙa maƙale maka, su ma masu sayen da suke Rigasa ko Kawo da network mai tsinkewa ba za su tsaya jiran shafi ya buɗe ba. Ka zaɓi tim mara nauyi kamar Astra ka yi da editan WordPress ɗin kansa. Karatunka kuma VS Code da ake rubuta kod a ciki baya buƙatar data, ka rubuta naka shafin da hannu ka ɗora a GitHub Pages kyauta, shi za ka nuna wa masu ba da aiki.

Ummi KD: Wai ma ka tambaye ta kaya kala nawa ne? In goma ne shafi ɗaya da madannin WhatsApp ya wadatar, wannan kam za ka iya da hannu.

Sadiq T/Wada: Na gode ƙwarai Allah Ya saka da alheri. Aunty Ummi yanzu na kira ta, ta ce sun haura kala sittin kuma duk sati sai an kawo sabo, to WordPress ɗin zan yi mata, nawa kuma in ci gaba da rubutawa bayan isha'i. Injiniya hotunan fa? Kowanne ya kai 4MB.

Injiniya Malali: Ka rage nauyinsu a shafin Squoosh ka mayar da su tsarin hoto na WebP, kar ɗaya ya wuce 200KB. Kuma ka ce mata ta riƙa ɗauka da safe a bakin shago, hasken kwan lantarki yana canza kalar atamfa sai a dawo mata da kaya.