Baffa zai bar Gombe ya koma Jos, wai saboda zafi

Hamma: Salamu alaikum, kun ji maganar Baffa kuwa? Wai yana ajiye aiki zai sa gidan Bolari a kasuwa ya koma Jos da zama, dalili ɗaya tak, zafin Gombe ya ishe shi. Ni dai a wajena yanayi ba dalilin barin dangi bane, cikin ranar nan aka haife mu duka kuma bata kori kowa ba.

Adda: Hamma kai da kake wuni a ofis cikin esi ai dole kace haka. Mutum ya haura sittin ga hawan jini, Maris da Afrilu zafi na kai digiri 40 wani lokacin har ya wuce, dare yayi ba wuta ba iska ka fito da tabarma tsakar gida sauro ya hanaka sakat, ka manta azumin 2024 da ya faɗo daga tsakiyar Maris zuwa Afrilu yadda ya dinga kwanciya kan siminti da jiƙaƙƙen tawul? Jos tana kan tudu ne wajen mita 1,200, acan da bargo ake kwana.

Yaya ta Ingila: Toh ku ji nawa, mu nan ranar ce muke nema ido rufe. A Disamba kafin ƙarfe 4 magariba tayi, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kamar ana koransu, har shawara likitoci ke bayarwa a riƙa shan bitamin D lokacin sanyi. Tsofaffin Turawa da yawa sayar da gida suke su koma Sifaniya don su sha rana, kuma wlh na ga waɗanda ciwo na kamasu ko mijin ya rasu suka tattaro suka dawo kusa da 'ya'yansu. Ni kaina sanyin na saba dashi, abinda ban saba dashi ba shine in kwana uku ba lafiya ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa yace sannu.

Adda: Yaya tsakanin Ingila da Sifaniya sai jirgi fa. Jos ko kilomita 300 bata kai ba, ka bi ta Bauchi, kayi asuba a Gombe kayi azahar acan.

Hamma: Azahar ɗin ce matsalar ai. Anan mutum ya rasu da asuba ƙarfe goma an kaishi makwancinsa, Baffa na hanya an gama. Waye waliyyin 'yan matan gidan nan? waye ke raɗa suna? Rigimar gonar gado da ta taso waye ya zaunar da mutane? Waɗannan ba a waya ake yinsu ba.

Goggo: Ku yaran nan kuna ta lissafin digiri ba wanda ya tuna da Inna. Tsohuwar da kullum sai ta ga ɗanta bayan la'asar hankalinta ke kwanciya, a kaita Jos ne ko a barta? Kuma Baffanku na da sanyin ƙashi, hunturun Jos ba wasa bane. Sannan tun rikicin 2001 da na 2008 unguwanni sun rabu a garin, baƙo baya kama gida duk inda ransa ya so, sai ya nemi irin su Anguwar Rogo ko Rikkos, can ɗin kuma wa ya sani? A masallaci ma sai ya shekara kafin a lura in bai zo sallah ba.

Auta: Dan Allah kuɗin tashin nan da kamun haya ai sun isa a sa masa sola da batir da fanka biyu shikenan. Azumi ma duk shekara baya yake ja da kusan kwana 11, hunturu ya nufa yanzu.

Adda: Auta sola bata maganin komai. Bari in faɗi abinda kowa ke kaucewa, ni banga alamar zafin rana kaɗai Baffa ke gudu ba. Tun yana albashi ƙofarsa bata rabo da mutane, wannan kuɗin makaranta wancan kuɗin magani wata kayan ɗaki, yanzu ga fansho da bai taka kara ya karya ba kuma ba wanda zai rage zuwa, mutumin da bai iya cewa babu ba. Ana ta cewa zumunci zumunci amma shi kaɗai ke ɗaukar kayan, mu nawa ne a nan muka taɓa zuwa gaishe shi ba tare da wata buƙata a baki ba?

Hamma: Wannan kuma habaici ne, in dani kike ki fito fili.

Adda: Ban kama suna ba Hamma, harda ni a ciki.

Yaya ta Ingila: Ni dai zan ɗauki kuɗin maganin Inna duk wata, a cire masa wannan tukunna mu gani ko zafin zai ragu.

Goggo: Adda ki goge abin nan da kika rubuta, Baffanku na karantawa fa.

Adda: Ya riga ya gani Goggo, yanzu ya kirani wai in zo bayan isha'i ni da Hamma.