Yaya zan tambayi matasan Damagaram game da masu yi musu hanya?

Mai bincike daga Zango:
Assalamu alaikum, malamaina da yayyena. Na kammala digiri na biyu a fannin nazarin zamantakewa a jami'armu ta Zinder, yanzu ina shirin na uku a kan yadda sanayya take bambanta matasa wajen samun aiki da jari. Wata huɗu ke nan ina zama a fada-fada, wato majalisun hirar matasa, na unguwannin Kara-Kara da Birni, ana dafa shayi ina saurare. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, saurayin da ba shi da ko dala ya fi kowa yawan abokai, amma duk halinsu ɗaya da nasa, wannan ɗan kabu-kabu, wancan ɗan garuwa, babu mai iya ɗaga wani. A 1973 masanin Amurka Mark Granovetter ya nuna cewa labarin aiki ya fi zuwa daga wanda aka sani sama-sama, domin aminai labari ɗaya suke juyawa a tsakaninsu. Ina so in gwada wannan a garinmu, sai dai duk wanda na tambaya da wa yake dogara, sai ya ce da Allah, ya yi shiru. Yaya zan yi?

Tsohon malamin makaranta daga Birni:
Wa alaikumus salam, ɗana. Amsar da suke ba ka gaskiya ce, tambayar ce take bukatar gyara. Kada ka tambayi mutum madogararsa, ka tambaye shi abin da ya faru: ranar da babur ya lalace wa ya biya gyara, wa ya kai shi wurin mai shagon da yake tsare wa, wa ya tsaya masa a gaban mai unguwa. Sannan ka lura, Granovetter ma'aikatan ofis na kusa da Boston ya bincika. A nan alaƙar da take ɗaga talaka mai nauyi ce, ta yaro da ubangida. Yaro yakan yi shekaru yana bin kayan maigida ta hanyar Magarya zuwa Kano kafin a sallame shi da jari, kuma wanda ba shi da mai gabatar da shi ba ya ma samun shiga wannan hidimar.

Mai sayar da atamfa a Kasuwar Dole:
Ƙanena, fada ta maza ce, rabin gari ke nan ka bari a baya. Ka nemi izini ka zauna da uwar adashi, ka duba littafinta, za ka ga wadda ake ba kwasar farko saboda an yarda da ita, da wadda kullum ake tura ta ƙarshe. Ka duba biki kuma. Idan ƙawata ta kawo mini jaka biyu ranar suna, ni huɗu zan mayar mata ranar nata, kuma na san matan da suka daina zuwa taro ba don faɗa ba, sai don ninkin ya fi ƙarfinsu. Daga ranar nan ƙawayensu suke raguwa, rance ma ya yi musu wuya.

Mai bincike daga Zango:
Na gode, Malam, na gode, Yaya. Zan sake tsara tambayoyin a kan abubuwan da suka faru, kuma ba zan rubuta sunan kowa ba. Yaya, shin uwar adashi za ta yarda namiji ya ga littafin, ko in nemi wata ɗaliba ta raka ni?