Gwajin Kaiser ya nuna komai lafiya, amma Val ta ɓace daga peptide ɗina

Ɗalibar Digiri na Biyu: Assalamu alaikum. Don Allah ku taimaka, saura wata biyu in kare aikina, malamina kuma ya yi tafiya, sinadaran da ke hannuna su ne na ƙarshe, wata huɗu muka jira kafin su iso. Ina haɗa peptide (gajeriyar sarƙar amino asid) mai amino asid 12 a kan resin (ƙananan ƙwayoyin da ake gina sarƙar a kansu) ta hanyar Fmoc, wato murfin da ke kare amin ɗin kowane amino asid har sai an cire shi, ma'aunin 0.1 mmol. Da na cire Fmoc daga Pro (amino asid proline) da piperidine kashi 20 cikin ɗari a DMF (ruwan narkar da sinadarai), gwajin Kaiser, wanda ke ba da shuɗi idan amin ya buɗe, ruwan ɗorawa idan an rufe shi, bai ba ni shuɗi ba, sai ja-ja mai ruwan ƙasa. Na sake cirewa sau biyu, haka dai. Sai na ɗaura Val (amino asid valine) da HBTU (sinadarin ɗaura amino asid), gwajin ya fito ruwan ɗorawa, na wuce. Yanzu na'urar auna nauyin ƙwayar sinadari ta nuna nauyin babban kason peptide ɗin ya gaza da 99. Ina kuskuren?

Dokta: Wa'alaikumus salam. Ƙanwata, 99 nauyin Val ne, ba ta hau ba. Kaiser ba ya ganin Pro yadda ya kamata. Ninhydrin, sinadarin da ke cikin gwajin Kaiser, na ba da shuɗi ne da amin mai hydrogen biyu, Pro kuwa ɗaya gare ta, shi ya sa kika ga ja-ja tun farko. Gwajin chloranil ake yi a nan: acetaldehyde kashi 2 a DMF, chloranil kashi 2 a DMF, ɗigo biyu-biyu kan 'yan ƙwayoyin resin, a bar su minti 5 ba tare da wuta ba. Ƙwayoyin suka koma shuɗi ko kore, da sauran aiki. Val ga ta da cunkoso a gefe, kan Pro kuma, sai an ɗaura sau biyu, gara ma da HATU, sinadarin ɗaurawa da ya fi HBTU ƙarfi.

Mai Kula da Ɗakin Gwaji: Ni na fi zargin DMF ɗin. Idan ya tsufa yana fitar da dimethylamine, za ki ji ƙarnin kifi. Shi ne ke ɓata rabin gwaje-gwajen nan, ga shi ɗalibai na barin kwalba a buɗe kwana da kwanaki, an yi magana har an gaji.

Ɗalibar Digiri na Biyu: Malam, sabuwar kwalba ce. Kuma Dokta, takardar da aka ba ni Kaiser kaɗai ta rubuta, shi kowa ke yi a wurinmu.

Dokta: Takardar ba a rubuta ta don Pro ba. Wane resin ne ma? Sau nawa kike wankewa kafin gwaji? Ragowar piperidine ko DIPEA (sinadarin da ake haɗawa da HBTU wajen ɗaurawa) na rikita launi. A wanke da DMF sau 5, sannan DCM ko ethanol. Kuma kada zafin Kaiser ya wuce minti 5 a digiri 100 zuwa 110, don pyridine ɗin da ke cikin gwajin da zafi na iya cire Fmoc, ki ga shuɗin ƙarya.

Wani Ɗalibi: Yaya, gwada TNBS, shi ma gwajin launi ne na amin, babu cyanide irin na Kaiser, babu dumamawa, ƙwayoyin ja suke komawa.

Dokta: TNBS ma ba ya ganin Pro. Wani abu kuma: idan HBTU ya fi amino asid yawa, yakan toshe amin ɗin da kansa, gwaji ya fito fes alhali babu abin da ya hau. A sa amino asid ninki 4 na ma'aunin resin, HBTU ninki 3.9. Wannan karon ki ɗebi ɗan resin ki yanke peptide ɗin daga kansa da haɗin TFA (asid ɗin yankewa), TIS da ruwa, kashi 95 da 2.5 da 2.5, ki auna nauyi nan take bayan Val.

Mai Kula da Ɗakin Gwaji: Ba sai ta sake daga farko ba, ta tace da HPLC, na'urar raba sinadarai, kawai.

Ɗalibar Digiri na Biyu: Ba mu da chloranil, HATU kuma ba zai iso kan lokaci ba. Ni dai gani nake in ɗaura sau uku da HBTU ya isa. Ko kuwa?