Kebul ko Wi-Fi: wa ke sa wasa tsayawa?

Auta: Ni fa na ce jan kebul tsohon yayi ne. Kwamfuta huɗu a gida ɗaya, kowa ya hau Wi-Fi ɗin rawuta, na'urar da ke raba intanet a gida, a buga wasan harbin nan, Counter-Strike. Wi-Fi ɗin yanzu gudu ne da shi kamar me.

Yaya Babba: Auta, gudu daban, jinkiri daban. Wasa ba ya cin data mai yawa, 'yan ƙananan saƙonni yake turawa ba ƙaƙƙautawa, kuma kowanne so ake ya isa a kan lokaci. A kebul, saƙo ya je ya dawo bai cika milisakan 1 ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. A Wi-Fi kuwa layi ake bi, na'urorin da ke tasha ɗaya sai wannan ta yi shiru waccan ta aika. Wani ya kunna bidiyo a waya, sai ka ga ɗan wasanka ya sandare a bakin ƙofa, kafin ya motsa an bindige shi.

Auta: To a koma zangon Wi-Fi na 5 GHz mana, Yaya. 2.4 ce mai cunkoso.

Yaya Babba: Haka ne, amma 5 ɗin ba ta jituwa da bango. Wanda ke ɗakin ƙurya fa?

Anti: Ku dai kuna ta ja. A Minecraft wa zai lura da wannan jinkirin? Abin da ya fi hana mutane ganin juna a cikin wasa shi ne Windows ta ɗauki hanyar sadarwar gidan a matsayin ta jama'a, katangar tsaronta ta toshe wasan. Ko ɗaya ya hau Wi-Fi na baƙi, wanda galibi a ware yake.

Kawu: Yaran zamani. Doom ya fito a 1993, mutum huɗu suna fafatawa ta kebul, babu intanet. Ku samo suwic ƙarami, akwatin da ke haɗa kwamfutoci ta kebul, da kebul Cat5e, wanda ke ɗaukar gigabit 1 har tsawon mita 100.

Auta: Kawu, da girmanka, amma wasannin ma sun canza. StarCraft II na 2010 cire haɗin cikin gida suka yi gaba ɗaya, ko kuna kujera ɗaya sai ta intanet.

Yaya Babba: Mu dai namu bai cire ba. Kwamfutar da za ta riƙe wasan dole kebul, saura kowa ya yi yadda ya ga dama.

Auta: Tawa ce ta fi ƙarfi, kuma ba ta da ramin kebul.

Anti: Akwai adafta ta USB. Sai wani uzurin kuma.